Rukunonin Sabbin Masu Hawan Dutse a Ƙasar Zamfara

A ƙasar Zamfara, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, akwai garuruwan da asalin zamansu a kan dutse ne, kuma babban dalilin hakan doki ne, domin rundunar da ta dogara da mahaya tana da ƙarfi a fili, amma da zarar ta iso gindin tsauni sai ta koma taron mutane riƙe da linzami suna kallon sama. Kwatarkwashi, wadda ke gabas da Gusau a kan hanyar Funtuwa cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, da tsohuwar Kanoma ta ƙasar Maru, su ne misalan da aka fi sani. Ƙasar ta ga yaƙi iri-iri, tun daga lokacin da Gobirawa a ƙarƙashin Sarki Babari suka ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, zuwa jihadin da ya fara a 1804, da ƙaurace-ƙauracen gidan sarautar Zamfara kafin ya zauna a Anka a farkon ƙarni na 19, kuma a irin wannan zamani mai gida a kan dutse ya fi mai gida a fadama samun barci. Abin da ke jan baƙi zuwa irin waɗannan wurare a yau shi ne kufai, wato mazaunin da mutane suka tashi suka bari, inda akan tarar da ragowar ganuwar duwatsu, da guraben niƙa da aka ƙwaƙule a jikin falalen dutse, da tsingaro, wato fasassun tukwane, warwatse a cikin ciyawa.

Mutumin Gummi ko Anka, ko na Adabka da sauran garuruwan Bukkuyum, wanda ya saba da tafiyar gona da ta kasuwa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, yakan ɗauka cewa ƙafar da ta san nisa ta san tsawo, kuma wannan zaton ne tushen yawancin abin da ke faruwa bayan mota ta bi ta Ɗaki Takwas da Anka, ta fita a mahaɗar Mayanci, ta sauke ayari a bakin daji. Dole ne a faɗi cewa matsalar 'yan bindiga, wadda ta addabi jihar tun wajen 2011, ta mayar da irin wannan fita abin da ba a yi sai da izinin masu gari da shawarar jami'an tsaro, amma halayen sabon shiga, wato wanda bai taɓa hawa ba, ba su sauya ba, kuma suna maimaita kansu a kowane ayari har ana iya kasa su rukuni-rukuni.

Wanda ya fi saurin bayyana shi ne mai cika baki. Tun daga cikin mota yake hango dutsen ya ce, "Wannan ɗan tudun ne aka tara mu dominsa?", yana mai mantawa da cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne, sa'an nan ya kawo labarin yadda ya taɓa zuwa wani ƙauye a ƙafa ya dawo kafin azahar. Shi ne kan gaba a cikin sabara da geza, yana waiwaye yana kiran na baya da ragwaye, kuma shi ne na farko da ake samu zaune a kan dutse ya buɗe baki, hula a gwiwa, da zarar hanya ta fara miƙewa sama. Abin lura a halinsa shi ne bai taɓa gajiya ba a bakinsa: ko dai takalmin ne sabo, ko tuwon daren jiya ne ya yi masa nauyi, ko kuma ya tsaya ne domin ya jira tsofaffi, alhali tsofaffin sun riga sun wuce shi suna yi masa sannu.

Kusa da shi akwai mai kaya, wanda ya fahimci tafiyar a matsayin ƙaura. Yakan zo da kular abinci, da tabarma, da buta, da fulas ɗin shayi, da rediyo, wani lokaci har da babbar riga mai aiki da takalmi sau-ciki, saboda ya ji an ce za a ɗauki hoto. Ƙarangiya, wato ciyawar nan mai 'ya'ya masu ƙaya da ke manne wa tufa bayan damina, tana samun rabonta a jikin babbar rigar tun kafin a yi nisa, sarƙaƙiya kuma ta karɓi sauran. Daga nan ne kyautarsa ke bunƙasa, domin zai fara raba kayan ga samarin ayari da sunan girmamawa, yana cewa, "Kai yaro, riƙe wa babanka wannan," har ya isa sama hannu rabbana, ya nemi shayinsa, a gaya masa yaron da ke ɗauke da fulas ɗin ya koma ƙasa tuntuni.

Akwai kuma mai tambaya, wanda ba shi da wata magana sai "Saura nawa?", kuma ba za a fahimce shi ba sai an fahimci abokin hulɗarsa, wato ɗan jagora. Ɗan jagora yawanci mutumin gindin dutsen ne, maharbi ko makiyayi ko yaron da ya girma yana bin awaki a waɗannan duwatsu, sanye da silifas ɗin roba, ba ya ɗauke da komai sai sanda, kuma yana da amsa guda ɗaya tak: "An kusa, Alhaji, ga shi can." Wannan amsa ba ƙarya ba ce a wurinsa, domin ma'auninsa ƙafarsa ce, amma a wurin mai tambaya tana iya nufin tafiyar da ta kai tsakanin azahar da la'asar. Abin da ke ƙara dagula lissafi shi ne irin waɗannan duwatsu suna da kafaɗa bisa kafaɗa, ta yadda abin da ake hange a matsayin ƙololuwa yakan zama mataki ne kawai, a isa a tarar da wani tsaunin a bayansa. A karo na uku mai tambaya yakan daina kallon dutsen ya koma kallon jagoran da idon wanda aka ci bashinsa.

Rukunin da ya fi cancantar dogon bayani shi ne na masanin ayari, mutumin da ya karanta rabin littafi ya ƙarasa sauran da zuciyarsa. A wurinsa kowace ganuwa Sarauniya Amina ta Zazzau ce ta gina ta, kowane rami a jikin dutse sawun dokinta ne, idan kuma wani ya tuna masa cewa nan Zamfara ce, sai ya juya ba tare da ƙifta ido ba ya miƙa aikin ga 'Yargoje, sarauniyar da tarihin baka ya ce ta mulki Zamfara. Gurbin niƙan da mata suka ƙwaƙule da gero da dawa tsawon zamani yakan zama masa wurin ajiyar makamai, tsinken ƙarfe kuma ya zama kibiya mai dafi. Abin ban takaici shi ne tarihin gaskiya na wurin ya fi nasa daɗi. A kusa da Kwatarkwashi ne, a watan Fabrairu na 1903, rundunar Kano da ke komowa daga Sakkwato ta yi karo da sojojin Turawa, bayan Sarkin Kano Alu ya rabu da ita, kuma a nan Waziri Ahmadu ya rasa ransa, shi ya sa Kanawa ke kiransa Mai Shahada, yayin da hafsan Ingila Wallace Wright ya samu lambar yabo mafi girma ta sojan ƙasarsa saboda wannan karon. An kuma san garin da bautar Magiro kafin Musulunci ya kafu, da bikin kamun maiki, inda a da samari ke hawa su kamo wannan babban tsuntsu da rai. Masanin ayari bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma idan jagora ya fara faɗa yakan katse shi da "Haka ne, haka ne, dama yanzu zan zo wurin." Amfaninsa guda ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba ne: laccarsa tana ba kowa damar hutawa ba tare da ya amsa cewa ya gaji ba.

Matsoraci kuwa iri biyu ne, na ƙasa da na sama. Na ƙasa yana ganin kububuwa a kowane busasshen reshe, yana tsalle idan rema, wata 'yar dabba mai kama da zomo marar dogon kunne da ke zama a tsagar duwatsu, ta gifta, kuma ba ya yarda a huta a ƙarƙashin kuka ko tsamiya saboda abin da aka ce suna zama a cikinsu. Na sama lafiya lau yake har sai ya waiwaya ya ga motar ta zama ɗigo, daga nan ya rungumi dutse ya shiga karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Ba a raina wannan rukuni ƙwarai, domin shi kaɗai ne ke kallon inda yake sa ƙafa, kuma da wuya a ji ya gurɗe.

Mai waya ba ya buƙatar dogon sharhi. Ya jure rufe layukan sadarwa da aka yi a Zamfara a watan Satumba na 2021, amma ba zai jure kwazazzabo guda da babu sabis ba, kuma ya hau dutsen ne domin mutanen Facebook da TikTok, saboda haka yakan ga kufan ne bayan ya koma gida, a cikin hoto, a bayan fuskarsa. Wani nau'i da ya keɓanta da ayarin Anka da Bukkuyum, inda haƙar zinariya ta zama sana'a a wurare irin su Bagega, shi ne mai duban duwatsu, wanda ke ɗaukar kowane mai ƙyalli ya tofa masa yawu ya goge ya jefa aljihu, ya sauko da nauyin da ya fi wanda ya hau da shi.

A bisa dutsen ayari yakan yi shiru na ɗan lokaci, wani ɓangare saboda faɗin ƙasar da ke shimfiɗe a ƙasa, wani ɓangare saboda babu mai sauran numfashi, kuma a nan ne jagora yakan ambata, ba da nufin cin fuska ba, cewa kakanninsa mata suna bin wannan hanya da tulu a ka. Saukowa ce ke kammala rarrabewar, domin hawa yana cin huhu ne, gangara kuma tana cin gwiwa, kuma falalen dutse mai santsi ba ya sanin girman kowa. Alhaji da almajiri, masani da mai cika baki, duk sukan zauna su ja gindi, kuma akwai yarjejeniyar da ba a furtawa cewa wannan ɓangare ba zai shiga labarin da za a bayar a gida ba.

Saura mutum ɗaya da ba a ambata ba saboda bai hau ba, wato mai gadin mota. Tun da safe ya dubi dutsen ya dubi cikinsa, ya sanar cewa bai kamata a bar kayan mutane babu kowa ba, ya shimfiɗa tabarmar mai kaya a inuwa, ya sha fura, ya karɓi fulas ɗin shayi daga hannun yaron da ya dawo. A hanyar komawa yakan yi shiru yana sauraron kowa, kuma kafin a kai Ɗaki Takwas ya haɗa labarin gaba ɗaya, ya gyara shi, ya ƙara masa gwaggon biri. Bayan mako guda, a majalisar ƙofar gida, nasa labarin ne ake nema, waɗanda suka hau kuma suna gefe suna shafa man zafi a gwiwa. Duk wanda ke shirin wannan tafiya ya zaɓi lokacin sanyi, tsakanin Disamba da Janairu, ya guji zafin Maris da Afrilu, ya tashi da asuba, ya ɗauki ruwa fiye da abinci, ya nemi izinin masu gari, kuma ya biya jagora kafin a fara hawa, domin bayan an sauko ba kowa ke da sauran kirkin tunawa da shi ba.