Gawar da ta ƙi barin gado cikin sauƙi

A Amurka, mai tsohuwar akori-kurar Chevrolet idan kafireto ya ishe shi, sai ya ɗauki sifana ya nufi makabartar motoci don ya ciro injektar da zai maye gurbin kafireton da ita. Gawar da yake nema ƙirar 1987 zuwa 1995 ce, shekarun da kamfanin GM mai ƙera Chevrolet ya sa wa irin waɗannan motoci injekta samfurin TBI.

Injektar kanta ba ta da gardama, ƙusoshi uku ne. Sai dai ba ta tafiya ita kaɗai. Akwai ƙwaƙwalwar da ke ba ta umarni, da distiributa, da na'urar da ke shinshinar hayaƙi a salansa, ga damin wayoyi da suka shekara talatin suna gasuwa, da an taɓa su sai su karye. Famfon mai kuwa yana can cikin tanki, dole mutum ya kwanta a laka ya sauke shi. Galibi kuma sai an isa gida ake gano wani ya riga ya datse fulogin da ake buƙata.

Bakaniken Kano da ya saba cire injekta ya mayar da kafireto zai yi ta mamakin wannan wahala.