Bincike Kan Makomar Wani Agogo a Koira Kano

A Turai da Amurka, rabuwa da kayan da gida ya gaji da su aiki ne mai tsari, domin ƙungiyar Goodwill da aka kafa a Boston a 1902, da Emmaüs ta Abbé Pierre da ta soma a Faransa a 1949, da kantunan Oxfam na Ingila, duk suna karɓar tsofaffin kaya su sayar don aikin jinƙai, kuma babbar rahamar tsarin ita ce kanti yana rufa wa mai bayarwa asiri. A Yamai kuwa abin da aka sani shi ne kwance, wato kayan da aka mora aka kyautar, wanda ke bi hannu da hannu daga maigida zuwa gardi, daga uwargida zuwa 'yar aiki. Mai sauran daraja dillaliya ce ke yawo da shi gida gida, wanda ya mutu murus kuma makomarsa kasuwar Katako. Kowace hanya cikin waɗannan tana da shaidu, kuma shaidun sun san dangin matar mutum.

Tun ambaliyar 2020, da kogin Isa ya shiga Lamorde da wasu unguwannin gaɓa, wani masallaci na Koira Kano ya ɗauki al'adar tara kayan taimako in damina ta yi ɓarna, kuma a nan ne wani magidanci, ma'aikacin gwamnati da marubucin wannan maƙala ya sani ciki da bai, ya hango mafita ranar Alhamis da ta wuce. Ya haɗa fanka mai kallon gefe guda, da katifar yara, da tukwane marasa murafe, sannan a can ƙasan kwali, naɗe cikin tsohon zane, ya kwantar da agogon bango mai kiran salla, tsarabar da surukarsa Hajiya ta kawo daga aikin hajji. Agogon ba shi da aibu sai ɗaya: tun da ya sauka a Nijar bai yarda ya bar lokacin Makka ba, takardar bayaninsa kuma ta ɓace, saboda haka yakan kira asuba kafin ƙarfe 3 na dare, da murya mai tayar da gida har da maƙwabta. Magidancin bai cire batir ba.

Shaidu sun haɗu a kan cewa an idar da sallar la'asar, jama'a na harabar masallaci, sakataren kwamiti ya karanta sunan mai kwalin da ƙarfi, an yi masa addu'a an shafa, shi kuma yana tsaye yana sunkuyar da kai irin na mai gudun riya. A daidai lokacin ne, wajen ƙarfe 4 da rabi, rana tana sama ƙwal, kwalin ya kira magariba.

Sai an san ladabin kiran salla za a gane girman abin da ya biyo baya, domin wanda ya ji shi yakan yi shiru ya amsa, ba a katse shi da surutu, kuma babu mai mutunci da zai sa hannu ya shaƙe shi a gaban liman. Ladan ya miƙe ya leƙa ciki ya ga wa ya taɓa masa lasifika. Dattawa biyu da kunnensu ya yi nauyi suka shiga amsawa. Wani mai azumin Alhamis ya dubi rana, ya dubi kwalin, ya sake duban rana, cikin fatan da bai iya ɓoyewa ba. Daga rumfar da mata ke ware tufafi kuma wata dattijuwa ta taso, wadda ƙawarta ta gayyato daga Yantala don ta taya aikin lada, ta nufo kwalin ba gaggawa, saboda ta san muryar. Hajiya ce.

Kunya, a ma'anar da ta shafi surukai, doka ce da ta hana suruki haɗa ido da uwar matarsa, ta wajabta masa cire takalmi da tsugunawa in zai gaishe ta, ita kuma ta hana ta kama sunansa. Magidancin ya cika wannan doka ba ragi: ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa, ya kafa wa ƙasa ido. Daga nan ƙasa ne ya ga hannun Hajiya ya ɗaga murfin kwali, ya kawar da tukunya, ya kawar da ta biyu, ya kama bakin zanen, wanda a lokacin ne ya tuna shi ma ita ta ba 'yarta, ya warware shi ninki bayan ninki, agogon kuwa yana ƙara sauti da kowane ninki da aka cire. Wasu shaidu sun ce kiran bai wuce minti 3 ba. Wanda ke durƙushe bai amince da wannan ƙididdiga ba, kuma duk lokacin da ya rufe ido daga ranar zuwa yau, hannun nan yana kan ninki na biyu, bai kai ƙarshe ba.

Da agogon ya yi shiru, Hajiya ta karanta addu'ar bayan kiran salla a natse, ta goge ƙurar gilashin da gefen mayafinta, ta juya wajen liman, ba wajen mai laifi ba.

"Malam, a tambayar mini mijin yarinyar nan, ko ruwan ya shiga gidansu ne ban ji ba?"

Ba a samu amsa ba, amma an samu shawara, daga wani tsohon malamin lakkol da unguwa ke kira Mushe, wanda ya yi shekaru yana koyar da labarin ƙasa. Ya tsuguna kusa da magidancin, ya zana layuka a rairayi da yatsa, ya bayyana masa cewa Yamai na kan digiri 2 gabas, Makka na kusan digiri 40, rana kuma tana cin digiri 15 a kowace awa, don haka agogon bai yi ƙarya ba, gidan ne aka gina a inda bai dace ba.

"Ɗana, kuskurenka zaɓin wuri ne. Da Diffa ka aika shi, da ka rage minti 40. Da kana da wani a Chadi, ai ya fi. Ka riƙa turawa gabas, wata rana zai yi daidai."

Ana cikin wannan darasi Hajiya ta aiki yaro kanti ya sayo sababbin batura na jaka guda, ta ɗora wa wani gardi agogon ya mayar gidan 'yarta, da saƙon cewa wannan karon a rataye shi a ɗakin maigida. Magidancin ya miƙe ya nemi takalmansa inda ya tuɓe su, kusa da tulin takalman sadaka, sai sakatare ya duba littafi ya tabbatar masa cewa an shigar da su, suna cikin adaidaitar da ta kama hanyar gadar Kennedy, kuma an yi masa addu'a a kansu. Mushe, wanda ya rako shi har bakin titi, ya ba da shawarar ya bi gefen inuwa, saboda rairayin Yamai ba ya hucewa sai bayan magaribar gaske.