Baiti na Huɗu

Wai mawaƙan Turai kan nemi a ba su layin farko kafin alƙalami ya motsa. A Gure, tsohuwar fadar Muniyo, wannan wahala ba ta taɓa kowa ba, don magabata sun bar mana mabuɗi kyauta: sunan Allah, salati ga Annabi, sannan alaye da sahabbai. Baiti uku ke nan, ko shayin farko bai tafasa ba. Marufi ma a shirye yake: tammat, sai sunan mawaƙi.

Tsakiyar ce bala'i. Nan ne sabon mawaƙi zai dubi gabas, yashi, yamma, yashi, ya ɗauki amsa-amon "shi", ya haɗa da gashi da bashi. Daga nan kuma mai shayi ya tuna masa nasa.