Yaya, Buɗe Akwatin Nan

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da yara da maigidan. Mu nan Bamingam lafiya lau, sai sanyin da bai san rani ba bai san damina ba.

Roƙo ne ke tafe da ni. Akwatin nan naki na ƙarƙashin gado, wanda kika cika da ragowar ankon kowane biki kika hana ko ƙuda ya sauka a kai, yau ranarsa ta zo.

Na shiga cikin wasu tsofaffi da ke haɗuwa a ɗakin karatun unguwarmu suna ɗinka bargo da hannu. Mace za ta sayi yadi sabo fil da kuɗinta, ta sa almakashi ta yayyanka shi gutsi-gutsi, sannan ta shekara tana haɗawa. Da telanki zai gani, cewa zai yi a tara jama'a a yi musu addu'a. Amma ranar da aka shimfiɗa bargon, wallahi sai kin riƙe baki.

Aikin duka a kan awo yake. Ana yanka takarda mai ɗan kauri, gefe shida daidai wa daida, kamar ramin saƙar zuma. Da tsawon gefe ɗaya ake faɗin girmanta: in an ce inci ɗaya, to gefen ke nan, daga tsini zuwa tsini kuwa inci biyu. Kwalin awo biyu ake riƙewa, ƙarami na yankan takarda, babba na yankan ƙyalle, wanda ya ɗara ƙaramin da rubu'in inci ta kowane gefe. A ɗora takardar a bayan ƙyallen, a naɗe bakinsa a kanta, a kama da ɗinkin wucin gadi. Sai a haɗa biyu fuska da fuska a bi bakin a hankali, allura na tsintar yadin kaɗan-kaɗan ba ta huda takardar. Ɗaya a tsakiya, shida su kewaye ta, sha biyu su kewaye shidan, fure ya fito. Ba a zare takarda sai an ɗinke gefenta duka shida. In yankan ya kauce ko da kaurin farce ne, furen farko zai rufa asiri, amma in an haɗa da yawa bargon ƙin kwanciya zai yi. Shi ya sa babbarmu take duba yankan kowa ta saman tabarau kafin ta bari a sa zare a allura, kuma ina ganin gaskiyarta.

Tun ƙarni na 18 matan Ingila ke wannan ɗinki, har mujallar Godey's Lady's Book ta Amurka ta buga yadda ake yinsa a 1835. Lokacin takarda na da tsada, tsofaffin wasiƙu da jaridu suke yankawa. Wasu ba a zare ba har yau, kuma da su masana ke gane shekarun bargo. Don haka in za ki ba ni amsa, ki nemi takarda mai kauri, ki kuma rage labarin dangin miji, kada nan da shekara ɗari a karanta shi a gidan tarihi.

Kowace shekara ana babban baje kolin barguna a zauren NEC da ke nan, kuma na ƙudura sai furen atamfa ya rataya a can. Ki zaɓo mini na auduga zalla, ban da leshi, ban da mai santsi. Kowane ƙyalle ya kai faɗin tafin hannu, a wanke shi tukuna don mai zuba ya gama zubarsa a wurinku. Ki ba duk wanda zai taho, ko da zai rage kilishin da ya ɗauko.

Ki gaida Inna, ki ce mata koren zanen nan da ta ce ya tsufa, kada ta kuskura ta kyautar.

Taki ƙanwa.