Jirgin Wasa a Dusar Ƙanƙara

A jihar Minnesota ta Amurka, inda tafki kan daskare har mota ta hau, akwai dattawan da ɗaki ba ya riƙe su ran 1 ga Janairu. Kowa na ƙudundune cikin bargo, su kuwa sun fito da jiragensu na sama na wasa masu rimot, wai buɗe shekara. Sun kwance tayoyin, sun ɗaura wa jirgin 'yan katakan sulɓi, don taya nutsewa take yi a dusar ƙanƙara.

Batirin jirgin ba ya ga-maciji da sanyi, nan da nan ƙarfinsa ke zubewa. Shi ya sa ake ɓoye shi a aljihun ƙirji ana lallashinsa kamar jinjiri, mai shi kuwa haƙora na kaɗawa. Safar hannu mai kauri takan hana yatsa jin rimot. A cire ta, yatsun su sandare.

Abin tausayi dai wanda ya yi wa jirginsa farin fenti. Sama fari fat, ƙasa fari fat, jirgi ya faɗi, a yi ta lalube. Sai ƙanƙara ta narke a gan shi, in kuwa a kan tafki ne, kifaye sun yi gado.