Kamun lobsta da hannu, dokar da ba ta san mai kuɗi ba

Duk shekara wajen farkon Oktoba, jiragen ruwa kan tashi daga gaɓar kudancin Kalifoniya ɗauke da magidanta masu cikakken hankali, su nufi tsibiran Channel, wasu har San Nikolas mai nisan kimanin kilomita 100 daga tudu, don kawai su yi nutso da daddare su kamo lobsta, ƙaton jatan landen nan mai ƙaya a jiki. Dokar jihar ta ce mai nutso da hannunsa kaɗai zai yi kamu, ba mashi, ba ƙugiya. Bakwai ne iyakarsa a rana, kuma sai ɓawon bayan kowanne ya kai inci 3¼. Wani zai ce an ƙuntata wa bayin Allah. Ni kuwa ina ganin da wuya a sami dokar farauta da ta kai wannan adalci, domin ta bar wa abin farautar damar rama cin mutunci.

A duba yadda takan kaya. Mutuminmu ya biya kuɗin jirgi, ya sayi rigar roba da tukunyar iska da tocila, ya kwashe rabin tafiyar yana amai a gefen jirgi saboda igiyar ruwa. Ya faɗa ruwa mai sanyi, ya haska kogon dutse, sai ga dogayen gashin baki biyu suna motsi. Ya lallaɓa, ya kai cafka. Lobsta ya kaɗa jela sau ɗaya, ya harba da baya, ya bar shi riƙe da guntun gashin baki. Haushi ya sa ya zura hannu cikin ramin har kafaɗa, ya manta cewa lobsta kan yi zaman haya ɗaya da kifin nan mai siffar maciji da haƙora masu kaifi, wanda ba ya son baƙon da bai yi sallama ba. Kafin ya janye, ƙayar bushiyar teku ta shige masa gwiwa. Can Allah ya ba shi sa'a ya damƙe ɗaya, ya ciro ma'auni yana murna, sai ya ga saura ƙiris ya cika. Doka ta ce ya sake shi nan take, da hannun nan da aka ciza.

Masu lissafi za su ce kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, da ya je kasuwa ya saya ya huta. Gaskiya ne, ko da yake kasuwar ma ba sauƙi, tunda kaso mai yawa na abin da masunta ke kamawa da tarko Sin ake kai wa. Amma ai ba yunwa ce ta fitar da shi ba. Labari ya je saye, kuma lobstan kanti ba ya zuwa da tabon da za a nuna wa abokai.

Hujjar masu sukar dokar da ta fi ƙarfi ita ce ta jihar Fulorida, inda aka yarda a yi amfani da 'yar sanda a zunguro lobsta cikin raga. Me zai hana a sauƙaƙa haka? To, a kalli kwana biyun nan na ƙarshen Yuli, Laraba da Alhamis, da ake buɗe wa masu sha'awa kafin babbar kaka ta fara ranar 6 ga Agusta. Shida ne rabon mutum a tsibiran Keys, amma teku kan cika maƙil da jirage, kuma kusan duk shekara sai an ji hatsari, wani lokaci har da rasa rai. Gajartar lokacin na da nata laifin, na yarda. Sai dai sauƙin kamu ma na janyo wanda rabonsa da nutso tun bara, ya shagala da ƙirgen lobsta ya manta da duba iskar da ta rage masa. Wanda aka ce sai da hannu kuwa, sanyi da cizo kan kore shi zuwa jirgi da wuri, ya zauna yana rawar ɗari, yana bayyana wa matuƙi girman wanda ya kuɓuce.