Yadda Na Tsare Motata Har Ta Tsare Ni

Sana'ata walda ce, kuma galibin abincina daga tsoron ɓarayi yake fitowa, domin ƙofofin ƙarfe da ƙarafan taga da nake haɗa wa mutane a birnin Kano da kewayensa babu mai sayensu don ado. Saboda haka ranar da aka wayi gari labari ya bazu cewa an buɗe motar mai walda an yashe ta, sai jama'ar unguwa suka yi ta zuwa mini jaje, baki yana alhini, idanu suna dariya.

Motar nan Peugeot J5 ce, irin wadda aka fara ƙerawa a 1981, ta ci zamaninta a Turai, ta sauka a Kwatano, ta yi shekaru tana dakon tumatir da albasa kafin ta faɗo hannuna, ta zama ita ce shagona, ita ce kuma ma'ajina. Wanda ya ziyarce ta a daren nan ba jahili ba ne. Bai taɓa janareta ba saboda nauyi, bai kula guduma ba saboda arha, sai ya zaɓi injin huda ƙarfe, da ƙaramin injin walda na zamani wanda ake ratayawa a kafaɗa, da wayoyin walda masu kauri, waɗanda in an feɗe robarsu ake ɗora tagullar a sikeli a sayar, babu mai tambayar asalinta.

Na garzaya zauren malaminmu neman addu'a, sai na samo fiƙihu. Ya tambaye ni ko motar a kulle take. Na ce, "Allah gafarta Malam, makullin ƙofar ya daɗe da rasuwa, da waya nake ɗaurewa." Ya gyara zama, ya bayyana mini cewa a mazhabar Malikiyya, yadda yake a Risalar Ibn Abi Zaid, ba a tsayar da haddin sata sai abin da aka ɗauka ya kai rubu'in dinari ko dirhami uku, sai kuma an fitar da shi daga hirzi, wato wurin da aka saba adana irinsa, nisabi dai kayana sun haura shi nesa ba kusa ba, amma ƙofar da aka ɗaure da waya a bakin titi, wannan mas'ala ce mai bukatar nazari. Daga nan ya tunatar da ni hadisin mai raƙumi, wanda aka umarta ya ɗaure dabbarsa tukuna sannan ya yi tawakkali. Na fito zauren da niyyar mayar da J5 hirzin da babu malamai biyu da za su yi saɓani a kansa.

Na tafi Ƙofar Ruwa na ɗebo ƙarfe. Na liƙa wa ƙofar gefe marataya uku, kowace da kwaɗonta; na toshe tagogi da raga mai ƙananan idanu wadda ko tsinke ba ya ratsa ta; na raba mazaunin direba da wurin kaya da farantin ƙarfe; duk wata kafa da yatsa zai shiga na bi ta da walda. Na ci bashi na mayar da kayan da aka sace, na shafe su da koren fenti, na zana sunana a jikin kowane, na kuma koma ajiye motar da baya, ƙofarta manne da bangon gida. Wallahi in da gaskiya za a bi, dabarun nan biyu na ƙarshe su kaɗai ne masu hankali a cikin dukan abin da na yi, domin ɓarawo ba ya son hajar da sai ya yi wa mai saye bayani, kuma bango ba ya cin hanci. Amma mutumin da aka yi wa dariya ba hankali yake nema ba, fansa yake nema.

Na sa aka haɗa mini jiniya, sannan na ɗauki al'adar cire batir kowane dare in kwana da shi a ɗaka, har sai da mai gyaran wuta ya lurar da ni, cikin ladabi, cewa jiniyar da batir ɗin take ci, aka sayo mata nata. Tun daga ranar unguwarmu ba ta ƙara barci ba. Akuya ta sosa jiki, jiniya. Tifa ta wuce da yashi, jiniya. Kyanwa ta hau rufi, jiniya. Da fari maƙwabta suna fitowa da gora da tocila suna tambayar ina yake, daga baya suka koma leƙe ta taga, daga ƙarshe sai mutum ya ja tsaki ya juya ɗaya gefen, alhali kuwa don a tashe su na kashe kuɗin.

Sai na ɗauki maigadi, wani dattijo Buzu mutumin Azbin, daga cikin waɗanda farin 1973 ya koro zuwa ƙasar Hausa, mai rawani da takobi da butar shayi, mai amanar da ban taɓa ganin irinta ba. Na yi masa wasiyya ɗaya: da zarar an idar da isha'i, ko wane ne ya ce a buɗe motar nan, ko da muryata ya ji, kada ya yarda, domin ɓarayin zamani sun iya kwaikwayo. Ya ce, "To, Maigida," bai ƙara ba.

Amma waswasi ba ya barin mai dukiya, ko da dukiyar ta bashi ce. Wata Alhamis cikin watan Afrilu, lokacin da zafin rana a Kano yake haura digiri 40, zuciya ta raya mini in jarraba tsaron nan da kaina, in ga ko maigadi barci yake. Na shaida wa uwargida cewa zan tafi ta'aziyya Wudil, sai gobe. Na bar wayata a aljihun wata riga don kada ta yi ƙara ta tone ni. Da aka shiga sallar magariba na sulale cikin mota da tabarma da gora, na jawo ƙofa. Bayan isha'i yarona ya zo bisa al'ada, ya datse kwaɗo na ɗaya, na biyu, na uku, ina ciki ina sa masa albarka saboda bin umarni, ya zuba makullai a aljihu ya kama hanyar ƙauyensu biki, tunda Juma'a ba ma aiki. Hankalina kwance, don sauran makullan suna aljihuna. Sai can tsakar dare, sa'ad da ƙarfen da ya wuni yana shan rana ya fara amayar da ita, na koma kamar gurasa a tanderu, ga warin fetur, ga sauro da ban san ta inda ya keta ragata ba, sannan ya bayyana gare ni cewa makulli a ciki, kwaɗo a waje, ba su da hanyar saduwa.

Na buga jikin mota. Jiniya ta ɗauka, unguwa ta juya ɗaya gefen. Sai na ji takun maigadi da ƙarar zare takobi.

"Wane ne?"

"Ni ne, Baba, maigidanka. Nemo wanda zai buɗe."

"Maigida yana Wudil."

"Wallahi ni ne! Ba ka ji muryata ba?"

"Na ji. Maigida ya ce ko na ji ta."

Ya busa usur, 'yan sintiri suka rugo, kafin wani lokaci titi ya cika, mutanen da jiniya ta kasa tayarwa wata da watanni kalmar "ɓarawo" ta tashe su nan take. Ina jin wani yana cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, ni kuwa mai kayan ina ciki ina roƙon Allah kada ranar ta zama yau. Mai unguwa ya iso ya tsawatar wa masu neman kifar da motar. Na ce, "Ranka ya daɗe, a tambayi iyalina." Aka kirawo uwargida, ta tsaya bakin zaure cikin lulluɓi, aka sa na yi magana, ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, muryar dai ta yi kama, amma ni Malam ya ce mini Wudil za shi, kuma ban san shi da ƙarya ba."

Haka aka zauna gadina har assalatu, sa'ad da malaminmu ya biyo ta wurin zai tafi masallaci. Aka karanta masa ƙissa, ya ɗan yi shiru, sannan ya yi fatawa cewa ko wane ne a ciki, ya shiga hirzi amma bai fitar da kome ba tukuna, saboda haka babu haddi a kansa, kuma haramun ne a bar shi ya halaka, a buɗe. Da me? Injin yankan ƙarfe yana ƙarƙashin kaina, na yi matashi da shi. Ala tilas aka aika wa mai waldan layin baya, wanda shekara da shekaru muna ƙwacen aiki, ya zo da babban almakashin ƙarfe a kafaɗa, ya yi sallama, ya yi bisimilla, kafin shayin maigadi ya tafasa kwaɗunan nan uku suna ƙasa, a gaban idon kowane yaro na unguwar, har wani yana tambayarsa inda ake sayar da irin almakashin.

Na fito jiƙe sharkaf, da gora a hannu, tabarma a hammata. Mai almakashi ya yi mini barka da arziki, ya faɗi kuɗin aikinsa bai rage ko kwabo ba. Maigadi ya haska fuskata da tocila, ya daɗe yana dubawa, sannan ya mayar da takobi kube ya tambaye ni ko wasiyyar nan tana nan ko an shafe ta. Na ratsa jama'a ban amsa ba, na shiga gida, na tarar uwargida ta ajiye ruwa a buta, ta rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Yaya aka baro mutanen Wudil?"